Darasi Ga Dillalan Mota: Na'urar Nuna Hanya, A Ƙara Mata Kuɗi?

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, sau da yawa mai mota yakan ɗora kuɗi a kan farashi, ya ce ai tasa da na'urar nuna hanya ta fito daga kamfani. To, bari mu duba ko ƙarin ya cancanta.

Da farko mu san yadda abin yake aiki. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda gwamnatin Amurka take gudanarwa, su ne suke sa na'urar ta gane inda mota take, kuma kyauta ne a ko'ina. Amma ba su aiko da taswira. Ita taswirar a cikin motar take, a faifai ko ɗan kati ko ma'ajiyar na'urar, kuma ta ƙasar da aka fara sayar da motar ce. Watau motar da aka yo wa kasuwar Amurka, ko ta Legas ta shigo ko ta Kwatano, titunan Amurka ta sani. Ka tambaye ta Kantin Kwari, sai ta yi maka shiru.

Na biyu, taswira tana tsufa. Motar da ta shekara 10, in ba a sabunta ta ba, ba ta san gadar da aka gina bara ba, sabuntawar kuwa galibi da kuɗi ne.

Na uku, wayar aljihu ta karɓe aikin. Google Maps kyauta ne, ana iya sauke taswirar gari a ajiye don wurin da babu sabis. Tun da Apple CarPlay ya fito a 2014, Android Auto kuma a 2015, motar da take da su tana nuna taswirar waya a allonta.

Kada mu yi wa na'urar rashin adalci. Kamfani yakan haɗa ta da babban allo, da kyamarar baya, da lasifika masu kyau. Waɗannan suna da amfani ko a Kano ko a Maraɗi, su ne abin yi wa kuɗi.

Saboda haka kafin a sallama, a tayar da mota, a rubuta sunan garinku a allon. In ya fito da titunansa, a yi tayi. In bai fito ba, a cire kuɗinta daga lissafi, a gwada jona waya, a sa giyar baya a ga kyamara. Ba a cinikin biri a sama.

Mu kuma dillalai, mu faɗa wa mai saye gaskiya tun a wurin. Wanda ya gano daga baya cewa taswirar wata ƙasa ya biya, ba zai sāke neman mu ba, kuma zai gaya wa na kusa da shi. La'adar yini ɗaya ba ta kai wannan asarar ba.