Jirgin da Ke Jiran Ruwa Ya Janye: Nazari a Kan Kuɗin Tikiti a Tsibirin Barra

Gabatarwa

A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ci wata takwas, na zauna a wani ɗan ofishin sayar da tikitin jirgin sama na kawuna a Legas. A mako na biyu wani Alhaji ya zo da safe ya tambayi kuɗin zuwa Abuja, na duba kwamfuta na faɗa masa. Ya ce zai je ya dawo. Da ya dawo bayan La'asar sai na tarar kuɗin ya tashi. Ya ƙura mini ido ya ce, "Yaro, da girmana za ka ci da gumina?" Na ce, "Wallahi Alhaji ba ni ba ne, na'ura ce." Ya tattara kuɗinsa ya fita, bai sake takowa ofishin ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ni kaina ban san dalilin tashin kuɗin ba, balle in yi masa bayani.

Tun daga ranar na shiga bincike. Wannan muƙala kaɗan ce daga abin da na koya, kuma na zaɓi in kafa misali da wani ƙaramin filin jirgi da ke tsibirin Barra a ƙasar Sikotilan, domin a ƙaramin wuri lissafin ya fi fitowa fili.

Yadda ake yanka farashi

Mai karatu ya san tashar mota. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, ko da za a kwana ana jira. Jirgin sama ba shi da wannan gata. Lokaci na yi zai tashi, da mutum biyar ko da hamsin, kuma man da zai sha da albashin matuƙa da kuɗin sauka kusan duk ɗaya ne. Da zarar an rufe ƙofa, kujerar da ba a sayar ba ta tafi ke nan. Wato kujerar jirgi kayan gwari ce.

Sai dai akwai wani abin mamaki. Mai tumatir yakan karya farashi da yamma don kada kayansa su kwana, shi kuwa kamfanin jirgi ƙarawa yake yi idan lokacin tashi ya matso. Dalili shi ne ya san masu sayensa. Wanda ya sayi tikiti wata biyu kafin tafiya yana da zaɓi: in ya ga tsada sai ya fasa ko ya hau mota. Wanda ya zo ana gobe tafiya kuwa dole ce ta kawo shi, ko rasuwa, ko asibiti, ko wani taro da ba ya ɗaguwa. Saboda haka kamfani yakan kasa kujerun jirgi ɗaya kashi-kashi, kowane kashi da farashinsa da harafin da ake gane shi da shi a kwamfuta. In kashi mai araha ya ƙare sai na sama da shi ya buɗe. Abin da ya faru tsakanina da Alhaji ke nan: tsakanin hantsi da La'asar wasu sun saye kujerun da na gani da safe.

Barra da filin jirginta

Barra ƙaramin tsibiri ne a yammacin Sikotilan, cikin Tekun Atlantika. A ƙidayar 2011 mutanenta ba su kai 1,200 ba, kuma fiye da rabinsu suna jin Gelik, tsohon harshen yankin. Da harshen ne ma aka raɗa wa wurin da jirgi ke sauka suna, Traigh Mhòr, ma'ana babbar gaɓa. Sunan bai yi ƙarya ba, domin babu kwalta ko siminti. A kan rairayin bakin teku jirgi ke sauka tun 1936. Hanyoyin sauka uku ne, an yi musu alama da turakun katako, sun fuskanci kusurwoyi daban-daban don matuƙi ya zaɓi wadda ta dace da iska.

Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan ciko ya shanye filin gaba ɗaya, sannan ya janye. Lokacin cikowar kuma ba ya tsayawa wuri guda, kullum yana jinkirta da kusan minti 50. Don haka jadawalin jirgin Barra ba kamfani ne kaɗai ke rubuta shi ba, sai an duba lokacin da ruwa zai ba da wuri. In larurar gaggawa ta taso da dare, fitilun motoci ake haskawa a kan rairayin.

Jirgin da ke wannan aiki shi ne Twin Otter, ƙirar Kanada, mai kujeru 19, kuma kamfanin Loganair ke tuƙa shi daga birnin Gilasgo. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Wanda bai hau jirgi ba sai ya yi kusan awa uku a jirgin ƙasa zuwa garin Oban, sannan ya ƙara kusan awa biyar a jirgin ruwa, in iska ta bari. Kada mai karatu ya sa ran shayi ko abinci a cikin jirgin. Babu ma'aikaciyar da ke kula da fasinja, babu ban ɗaki, ɗaya daga cikin matuƙan biyu ne ke juyowa ya yi bayanin matakan tsira kafin a tashi.

Me ya sa ƙaramin jirgi ya fi tsada?

Nan ne na daɗe ban gane ba. A tunanina ƙaramin jirgi da gajeriyar tafiya ai sai ƙaramin kuɗi. Ashe ba haka ba ne.

Jirgi mai kujeru 180 matuƙa biyu ne ke jansa. Twin Otter mai kujeru 19 shi ma matuƙa biyu. A na farko mutum 180 ne ke raba albashinsu, a na biyu mutum 19. Haka abin yake ga injiniyoyi da inshora da ofis. Filin jirgin shi ma dole ya ajiye 'yan kwana-kwana da motarsu da mai magana da matuƙi ta rediyo, ko da jirgi biyu kacal za su sauka a yini. Ga gishirin teku da ke cin ƙarfe, wanda ke ƙara yawan wanki da gyara. Ga kuma hazo da guguwa: ranar da aka soke tashi, albashi bai tsaya ba.

A ƙaddara, don misali kawai, sawu ɗaya yana cin fam 1,900. In kujeru 19 sun cika, kowa fam 100 zai biya a mayar da uwar kuɗi. In mutum 10 ne, sai 190. In biyar ne, 380. A lokacin zafi masu yawon buɗe ido suna rububin kujeru don su ga yadda ake sauka a kan rairayi, har 'yan gari su rasa wuri. Da hunturu kuwa, mutum dubu da 'yan kai ba za su cika jirgi kullum ba. In aka bar kasuwa ta yi halinta, ɗayan biyu ne: ko farashi ya fi ƙarfin mazauna tsibirin, ko kamfani ya kwashe jirginsa.

Wani zai ce a kawo kamfani na biyu, gasa za ta karya farashi. An gwada a wasu tsibiran yankin da suka fi Barra jama'a. A watan Satumba na 2017 Loganair ya raba gari da kamfanin Flybe, wanda ya haɗa kai da Eastern Airways suka shiga hanyoyin Shetland da Orkney da Stornoway. Farashi ya faɗi, fasinjoji suka sha daɗi, amma fasinjan da zai ishi kamfani biyu babu shi. Cikin 'yan watanni, a farkon 2018, Flybe ya janye, Loganair kuma ya fito da asarar miliyoyin fam. Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, a irin wannan kasuwa arahar gasa ba ta daɗewa.

Inda gwamnati ke shigowa

Hanyar Gilasgo zuwa Barra ba a bar ta a hannun kasuwa ba. Gwamnatin Sikotilan ta ɗauke ta a matsayin hidimar jama'a ta wajibi, tare da hanyoyin Tiree da Campbeltown. Ita ke ƙayyade sawu nawa za a yi da iyakar kuɗin da za a caji fasinja, sai ta ba da kwangila, ta kuma cike wa kamfanin giɓin da ya rage. A 2015 ma ita ta sayo sababbin Twin Otter guda biyu don wannan aiki. Filin jirgin kansa yana ƙarƙashin wani kamfanin gwamnati mai kula da filaye 11. Bugu da ƙari, tun 2001 an yafe harajin fasinja ga jiragen da ke tashi daga wannan yanki.

Ga sauran hanyoyin da ba su cikin wannan tsari akwai wata dabara. A 2006 an fito da rangwame na kashi 40 cikin ɗari ga mazauna tsibirai, aka ɗaga shi zuwa kashi 50 a 2016. Ainihin kuɗin kujera ake ragewa, ban da haraji da kuɗin fili. Abin da ya burge ni a matsayina na ɗalibi shi ne ɗan tsibiri da ya tafi karatu birni bai rasa wannan haƙƙi ba. Ke nan mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, baƙo ya biya kusan ninkin abin da ɗan gari ya biya, kuma ba a cuci kowa ba a idon doka. Da Alhajina ya ji wannan ban san me zai ce ba.

Tallafi dai yana da nasa haɗari, domin wanda ya ba ka yau yana iya hanawa gobe. Da can akwai jirgi tsakanin Barra da maƙwabciyarta Benbecula, wanda ƙaramar hukumar tsibiran ke tallafa wa. A 2013 ta janye kuɗinta don tsuke bakin aljihu, jirgin ya daina zuwa. Mai son zuwa Stornoway, hedikwatar yankin inda babban asibitinsu yake, sai ya haɗa da jirgin ruwa da mota, ko ya zagaya ta Gilasgo.

Su kuwa mutanen Barra, filin jirgin bai hana su amfani da gaɓarsu ba. In ruwa ya janye sukan fito su tono wasu halittun ruwa masu ɓawo, 'yan'uwan dodon koɗi, a kan rairayin da jirgi ke sauka. Akwai wani ƙyalle mai kama da hannun riga da ake ɗagawa a kan sanda don nuna inda iska ta dosa. In sun ga an ɗaga shi, sun san filin ya fara aiki, sai kowa ya ɗauki bokitinsa ya hau tudu.