Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Samari Masu Kwanciya a Ƙarƙashin Mota a Gida

Ƙaramar mota irin Toyota Corolla nauyinta yakan kai kilo 1,200 zuwa 1,300, wato kimanin buhun siminti ashirin da biyar. Hilux kuwa tana kusan tan biyu. Duk wanda ya shimfiɗa kwali ya zura jikinsa ƙarƙashin mota, wannan nauyi ne a saman ƙirjinsa, kuma abin da ya raba su shi ne abin da aka tokare motar da shi. Idan ta zame, ba sai ta karya ƙashi ba kafin ta yi kisa. Danne haƙarƙari kawai take yi, huhu ya kasa buɗewa, murya ta ƙi fita balle a yi ihu. Ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan numfashi ya yanke. Saboda haka mutum yana iya cikawa a ƙofar gida alhali iyalinsa suna ciki suna hira.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa wani saurayi ne, ɗan mutunci mai hannun sana'a, wanda mahaifinsa ya bar wa tsohuwar mota. Ganin yadda kuɗin gyara ya yi tashin gwauron zabo, sai ya koyi juyen baƙin mai da sauya birki a wayarsa. Wannan abin yabo ne. Abin damuwar shi ne yadda aka gan shi da yammacin wata Asabar, ƙafafunsa kaɗai a waje, motar tana tsaye a kan jak ɗin da ya zo da ita, ga bulo biyu a gefe. Da wani dattijo ya yi masa magana, sai ya amsa daga ƙarƙashi, "Baba, yanzu zan fito, ƙaramin aiki ne." Irinsa suna da yawa, kuma amsarsu ke nan dukansu.

Aikin yana farawa daga zaɓen wuri. Ƙasa mai tauri ake so, shimfiɗaɗɗiya, in da hali daɓen siminti mai kauri. Yashi yana nutsar da gindin jak a hankali, ƙasar damina ta fi shi muni, kwalta kuma takan yi laushi da zafin bazara. Gangaren da ake yi a bakin get don ruwa ya wuce shi ma ba wurin ɗaga mota ba ne. Akwai wani wuri da yake ruɗin mutane saboda kyansa, wato murfin ramin shadda da ke tsakar gida, wanda ƙarƙashinsa fanko ne. Idan babu makawa sai a kan ƙasa, a shimfiɗa katako mai faɗi da kauri a ƙarƙashin jak da abin da za a tokare motar da shi.

Sai hana motar gangarawa. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, don haka da zarar an ɗaga bayan mota ya tashi daga aiki. Giya kuma tayoyin da injin ke juyawa take riƙewa, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta bar ƙasa, ɗayar tana iya mirginawa ko da motar tana cikin giya. A mota mai jan baya irin Hilux, wanda ya kwance dogon ƙarfen da ya haɗa giyabos da tayoyin baya ya raba giyar da tayoyin ke nan. Maganin duk wannan waigi ne, gaba da bayan tayar da ta rage a ƙasa. A da, yaron babbar mota ba ya rabuwa da guntun katakonsa, motar na tsayawa a hawa ya dira ya cusa shi, ba ya jiran direba ya yi magana. Yanzu sai a ga mai digiri ya ɗaga mota ya shige ƙarƙashinta ko dutse bai sa ba.

Notocin taya ana sassauta su ne tun motar tana ƙasa, juyi kaɗan, sannan a ɗaga a ƙarasa kwancewa. Wanda ya bari sai motar ta hau sama sannan ya taka wilsifana da ƙafa, girgizar da zai yi ta isa ta ture jak.

Jak iri uku aka fi gani. Akwai wanda yake zuwa da mota a but, mai kama da almakashi, wanda ake murɗawa. An yi shi ne don sauya taya a bakin hanya, gindinsa siriri ne, tura kaɗan daga gefe takan kifar da shi. Akwai mai siffar kwalba, akwai kuma dogo mai ƙananan tayoyi irin na masu faci. Waɗannan biyun da mai suke aiki: ana tura man ta ƙaramin bututu ya ɗaga sandar, kuma abin da ke hana shi komawa ɗan ƙwallon ƙarfe ne da zoben roba. Robar tana tsufa, ƙura tana shiga, mai yana tsiyaya. Wani jak ɗin a hankali yake sauka har mutum bai lura ba, wani kuma gaba ɗaya yake saki. Mai tayoyin yana da wata ɗabi'a da ba kowa ya sani ba: hannunsa a karkace yake tashi, don haka dole jak ɗin ya riƙa matsowa ƙarƙashin motar yayin da take hawa. Idan tayoyinsa suka maƙale a yashi ko tsakuwa, motar yake janyowa, har bakinsa ya zame. Hukuncin duka ukun ɗaya ne: jak na ɗagawa ne, ba a kwanciya a ƙarƙashin abin da shi kaɗai ke riƙe da shi.

Inda ake kafa shi ma sananne ne. A ƙasan gefen mota, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, akwai 'yar tsaga ko alama inda aka ninka ƙarfen, kuma littafin motar yana nuna wurin. Tukunyar baƙin mai, tankin fetur, salansa da faifan da ake taka ƙafa duk ba su ɗaukar nauyi. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas suna buƙatar ƙarin dubawa, domin da yawansu sun yi shekaru a kan titunan Turai da Amurka da Kanada inda ake watsa gishiri lokacin ƙanƙara. Gishirin yana cin ƙasan mota, sai a ga fenti lafiya lau amma ƙarfen ya zama ɓawo. A ƙwanƙwasa wurin da guduma kafin a amince masa.

Abin da ke riƙe mota shi ne matokarin ƙarfe mai ƙafafu uku ko huɗu, wanda ake sayarwa bibbiyu, da adadin tan da yake ɗauka a rubuce a jikinsa. Ana ɗaga motar, a shigar da shi ƙarƙashin wuri mai ƙarfi, a sauke ta a kansa a hankali har nauyin ya zauna, sannan a bar jak ɗin yana taɓa motar a matsayin mataimaki. Shi kansa matokarin ana duba shi, haƙoransa, fil ɗinsa da wuraren walda. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai fiye da miliyan ɗaya daga hannun masu saye saboda haƙorin da ke riƙe sandar yana iya suɓucewa, daga baya kuma ya janye wasu daga cikin waɗanda ya bayar a madadinsu saboda matsalar walda. Idan na masana'anta yana iya haka, wanda aka haɗa da ragowar rodi a bakin titi ya fi cancantar tuhuma.

Sai bulo, wanda shi ne babban abin takaicin. Babu gidan da ba a samun ragowar bulon gini, shi ya sa hannu yake fara kaiwa gare shi. Mutum yana ganin bulo ya ɗauki bene sai ya ɗauka mota ba komai ba ce. To a jikin gini nauyin yana bazuwa ne a kan fuskarsa duka, ga siminti ya ɗaure shi da 'yan'uwansa. A ƙarƙashin mota kuwa nauyin yana taruwa a bakin ƙarfe guda wanda bai fi faɗin yatsa ba, a kan abu mai rami a ciki. Ƙarfe yakan lanƙwashe kafin ya gaza, katako yakan yi ƙara, amma bulo ba ya ba da sanarwa, rugujewa kawai yake yi. Wannan ma bulon kirki ke nan, balle na yau da ake tsuke wa siminti har yaro yana iya ɓantararsa da hannu. Jera biyu ko uku a kan juna ƙara haɗarin yake yi, kwantar da shi ta gefe kuma ya fi duka muni. Wanda ba shi da kuɗin matokari ya nemi gungumen itace mai tauri marar tsaga, faɗinsa ya fi tsayinsa, ko ya biya kuɗi kaɗan ya yi aikinsa a ramin gareji. A garejin da, yaro yakan daɗe yana wanke noti da miƙa sifana kafin maigidansa ya bar shi ya shiga ƙarƙashin mota, kuma wanda aka kama ya jera bulo yakan sha faɗan da ba zai manta ba. Wayar hannu tana koyar da kwance noti amma ba ta yi wa kowa tsawa. Masu cewa in kwana ya ƙare ko a kan gado ma sai a tafi, gaskiya suka faɗa, sai dai malamai ba su taɓa kiran sakaci tawakkali ba, kuma jiki amana ne.

Bayan an tokare, tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, domin in komai ya gaza ta bar wa ƙirji sarari. Sannan a tsaya a waje a girgiza motar da ƙarfi ta gaba da ta gefe. In za ta faɗi, gara ta faɗi a lokacin. Kowa ya fita daga cikinta, makulli ya shiga aljihun mai aikin, yara da awaki a kore su. Wani babba ya kasance kusa, inda zai gani, tunda an riga an san mai aikin ba zai iya kira ba. A lokacin aiki, noti mai taurin kai shi ne ya fi ture mota, don mutum yakan ja da dukan ƙarfinsa. Cire abu mai nauyi kamar giyabos kuma yana sauya daidaiton motar a kan matokaranta.

Sauran haɗurran a taƙaice suke. Kafin a taɓa sitata ko wayoyi a cire kan batir mai alamar ragi, a kuma tuɓe zobe da agogo. Injin da salansa su huce, murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi. Fankar lantarki tana iya tashi ko injin a kashe yake, kuma hannun babbar riga ba shi da wuri kusa da bel. Tabarau yana tare tsatsar da ke zubowa ido. Fitilar ƙwai, ashana da taba ba sa kusantar fetur. Ba a barin injin yana aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Manyan wayoyi masu ruwan lemo a motocin da ke haɗa fetur da lantarki na ƙwararru ne.

Idan abin ya faru, taron mutane su ɗaga da hannu yana iya sa motar ta sake faɗowa. A sa waigi, a kafa wani jak a wuri mai ƙarfi, ana ɗagawa ana cusa katako, sannan a jawo mutumin ba tare da lanƙwasa wuyansa da bayansa ba. A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin zubar jini ta ciki da illar da matsewar tsoka ke yi wa ƙoda ba sa bayyana nan take. Iyaye da yayyen da suka ga ƙafafun yaro a ƙarƙashin motar da ke kan jak ko bulo, su fito da shi tukuna, magana ta biyo baya.