Ba kirari jami'ar take nema ba

Aikina shi ne ba ɗalibai shawara kan neman gurbin digirin farko a jami'o'in Amurka, kuma daga Oktoba zuwa farkon Janairu ba na samun sukuni. Masu neman shiga da wuri yawanci wa'adinsu 1 ga Nuwamba ne, sauran kuma kwanakin farko na Janairu. Abin da nake gani kowace shekara bai canza ba. Ɗalibi zai ƙarar da ƙarfinsa a kan babban rubutun da ake turawa ta shafin neman gurbi na Common App, wanda ba ya wuce kalma 650, ya yi ta gyara har ya haddace shi. Sai ana saura 'yan kwanaki a rufe ya buɗe shafin kowace jami'a, ya tarar da wasu tambayoyin suna jiransa. A nan ne ake yin rubutun gaggawa, kuma a nan ne yara masu ƙwazo da yawa suke zubar da damarsu.

Babban rubutun guda ɗaya ne, shi ake aika wa duk jami'o'in da ka zaɓa. Ƙaramin rubutun da ke amsa waɗancan tambayoyin kuwa na jami'a ɗaya ne tak, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu tambayarsa ita ce: me kake son karantawa, me ya ja ka gare shi, kuma me ya sa sai a wurinmu? Kowace jami'a da yadda take jefo ta. MIT, wadda ba ta amfani da Common App, takan ba ka kalma 100 ko kusa da haka. Yale takan ce ka zaɓi fannoni har uku, sannan ka yi bayanin wani batu da ke burge ka a cikinsu. Jami'ar Michigan tana ba da fili mai faɗi, sama da kalma 500, amma a kan ainihin tsangayar da kake nema take so ka yi magana. A Cornell kowace tsangaya da tata tambayar. Ta masu aikin gona daban, ta injiniyoyi daban. Adadin kalmomin da lafazin tambayar sukan sauya, don haka a shafin jami'ar na wannan shekarar za ka duba, kada ka dogara da abin da yayanka ya gani bara.

Dalilin tambayar yana da alaƙa da tsarin karatunsu. A Najeriya ka saba da JAMB: ka zaɓi kwas, ka ci maki, lamba ta yi maka magana. A can, jami'o'i da yawa ba sa tilasta wa ɗalibi ya tsayar da fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Masu tantancewa sun san yaro ɗan shekara 17 na iya sauya ra'ayi, ba alƙawari suke nema daga gare shi ba. So suke su ga yadda kansa yake aiki idan wani abu ya kama hankalinsa: yana bin diddigi, ko kuwa yana tsayawa a inda littafin aji ya tsaya? Sakamakon WAEC ba ya nuna wannan, kuma masu sakamako mai kyau sun fi kujerun da ake da su yawa nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kirari. Ɗalibi zai rubuta cewa jami'ar ta shahara a duniya, tana da ƙwararrun malamai da gine-gine na zamani, kuma tun yana ƙarami yake mafarkin shiga. Na fahimci inda wannan ya samo asali. An koya mana cewa idan za ka roƙi babba sai ka fara da yabo, kuma wasiƙar neman aiki da ake koyarwa a sakandare a kan haka aka gina ta. Amma mai karanta rubutun ma'aikacin jami'ar ne, ya fi ka sanin matsayinta, kuma ya karanta irin wannan yabon tun safe. Gwajin da nake sa ɗalibaina su yi mai sauƙi ne. Goge sunan jami'ar, ka sa sunan wata. Idan rubutun bai lalace ba, to ba ka riga ka rubuta komai ba.

Wani kuskuren ya fi ciwo, domin yana tona cewa ba a yi bincike ba. A Amurka ba a karanta likitanci ko lauya a digirin farko. Sai ka gama shekara huɗu a wani fanni sannan ka nemi makarantar likitoci ko ta lauyoyi. Wanda ya rubuta cewa yana so ya shiga ajin farko na likitanci ya nuna bai san gidan da yake ƙwanƙwasa wa ƙofa ba. Princeton ma ba ta da makarantar likitanci, ba ta da ta lauyoyi, ba ta da ta kasuwanci, kuma duk da haka nakan ga daftarin da ke yabon su a can. Idan likitanci ne burinka, faɗi abin da za ka karanta kafin ka kai can, da dalilinsa.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini daftari a kan ilimin halittu. Tsaf yake, babu kuskuren nahawu, kuma ba komai a cikinsa sai cewa tana son kimiyya kuma tana so ta taimaki al'ummarta. Na ajiye takardar na tambaye ta ko akwai wani abu a gida da ya taɓa hana ta sakat har ta nemi sanin dalilinsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, akwai, amma ba abin rubutawa ba ne. Maganar wake ce." Mahaifinta yana ajiye wake bayan kaka don ya jira farashi ya tashi, kuma wata shekara da aka buɗe buhunan sai aka tarar ƙwari sun huda kusan kowace ƙwaya, gari na zuba. Da ya koma amfani da buhun nan mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, sai waken ya kai rani lafiya ba tare da an zuba magani ba. Abin ya ɗaure mata kai. Ta zuba wake a robar ruwa ta ɗaure bakin tam, ta zuba wani a robar da ta huda wa murfi, ta riƙa zazzagewa a faranti tana ƙirga masu rami. Daga nan ta gano cewa iska ce sirrin: ƙwarin suna shaƙe ɗan abin da ke ciki, su daina ci, su mutu.

Na ce mata, "'Yata, ai wannan shi ne rubutun." Abin da ba ta sani ba shi ne buhun nan, wanda ake kira PICS, daga Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ya fito. Masanin ƙwari Larry Murdock da abokan aikinsa ne suka samar da shi, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙauyukan Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar. A jami'ar ce kuma Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha, ya yi aikin samar da dawa mai jure fari da ƙuduji, wanda ya sa aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. Sabon daftarinta ya fara da farantin wake, ya wuce zuwa tambayar da har yanzu ba ta samu amsarta ba, wato me ke faruwa da buhun a shekara ta biyu idan ledar ta ɗan huje, kuma ko dabarar tana aiki daidai ga gyaɗa da masara. Sai a ƙarshe ta ambaci sashen nazarin ƙwari na tsangayar aikin gona ta Purdue da darussan da za su ba ta kayan aikin bin wannan tambayar. Ba ta yabi jami'ar ko sau ɗaya ba, amma babu wata jami'ar da za a iya liƙa wa wannan rubutun.

Akwai abin da ya kamata iyaye su ji a nan. Purdue jami'ar jiha ce, kuma tallafin kuɗin da take ba ɗaliban ƙasashen waje kaɗan ne ƙwarai. Rubutu komai kyansa ba ya biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa muka nemi wasu jami'o'in masu tsangayar aikin gona, irin su Cornell. Rabin farko na rubutun, labarin wake da tambayarta, ya bi ta ko'ina. Rabi na biyu kuwa sai da ta sake shi daga tushe ga kowace jami'a, bayan ta zauna ta karanta jerin darussansu.

Ba masu kimiyya kaɗai ke da irin wannan ba. Yaron da ya tashi yana ganin takardun ajami a akwatin kakansa, yana kokawa da karanta su, yana da abin faɗa wa Jami'ar Northwestern, inda ɗakin karatu na Herskovits ke riƙe da tarin rubuce-rubucen Malam Umaru Falke na Kano, ko Jami'ar Boston, inda Farfesa Fallou Ngom ya jagoranci aikin tattara rubutun ajami na Afirka a sa a intanet. Sai dai ambaton sunan farfesa shi kaɗai ba ya ƙara komai. Na sha ganin an jera sunaye uku da aka kwaso daga shafin sashe, wani ma ya riga ya yi ritaya. Idan ba ka karanta ko da gabatarwar aikin mutum ba, ka bar sunansa. Darasi ɗaya da ka fahimci abin da ake koyarwa a cikinsa, ka kuma iya cewa ga giɓin da zai cike maka, ya fi sunaye goma amfani.

Na san kunya tana cikin abin da ke riƙe hannun yaranmu, musamman 'yan mata. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ban ce a watsar da wannan tarbiyya ba. Amma faɗin abin da ka yi da abin da ka gani ba yabon kai ba ne. Ɗalibar nan ba ta ce ita haziƙa ce ba. Ta ce ta ƙirga wake. Mai karatu ne ya yanke wa kansa hukunci.

Wanda bai tsayar da fanni ba kada ya ƙirƙiro. Ya faɗi abubuwa biyu ko uku da ke jan sa da abin da ya haɗa su. Amma ya san wa yake faɗa wa. Brown, tun 1969, ta bar ɗalibi ya tsara darussansa ba tare da jerin na dole ga kowa ba, ita kuwa Columbia tun 1919 take da jerin darussan da kowa sai ya bi ta cikinsu. Wanda ya gaya wa Columbia cewa ba ya son a tilasta masa darasi ya yi wa kansa illa.

Sai maganar masu rubuta wa yara a karɓi kuɗi, da ChatGPT da ire-irensa. Common App ta sanya miƙa abin da wani mutum ko na'ura ta rubuta a matsayin naka cikin maguɗi, kuma jami'a na iya janye gurbin da ta bayar. Ko da ba a kama ba, abin da ke fitowa daga waɗannan hanyoyin shi ne ainihin kirarin da muke gudu, domin na'urar ba ta san akwai farantin wake a gidanku ba. Malami ko yaya na iya karantawa ya ce nan ban gane ba, nan ka maimaita. Ya tsaya a nan.

Common App tana buɗe sabuwar shekara ranar 1 ga Agusta, kuma jami'o'i da yawa suna fitar da tambayoyinsu a wannan tsakanin. A makon ne ya kamata ka kwashe su duka a takarda ɗaya, kowace da adadin kalmominta da ranar rufewa, ka ware wa kowace jami'a yini guda na karanta jerin darussan sashen da kake so kafin ka rubuta ko jimla ɗaya. Kafin ka tura kuma, ka bi rubutun layi-layi ka tabbatar sunan jami'ar da ke ciki shi ne na wadda kake aika wa, domin sunan wata yakan maƙale a sakin layi na ƙarshe idan an yi kwafe daga wani daftarin.