Zoben Ƙarfe A Kan Injin Tsohuwar Mota

'Yan'uwana ɗalibai, kun tuna gwajin da muka yi a darasin kimiyya, inda ƙwallon ƙarfe ya ƙi wucewa ta cikin zobe bayan an gasa shi? Ni da na ɗauka abin na jarrabawa ne kawai, sai da na ga kawuna, wanda bakanike ne, yana gyaran wata tsohuwar Land Rover mai shan fetur.

A saman kowane inji akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke rufe silinda, ana ce masa kan inji. A cikinsa ne bawul-bawul suke. Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da fetur, da kuma na fitar hayaƙi. Inda bawul ke zama idan ya rufe shi ne mazaunin bawul. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane bawul yana buga mazauninsa sau 25 a daƙiƙa guda. Na fitar hayaƙi ya fi shan wahala, domin zafinsa yakan kai digiri 700.

To, me ya sa tsofaffin motoci ke samun matsala a nan? Amsar ita ce dalma. A shekarar 1921 wani masani a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa sinadarin dalma yana hana inji ƙwanƙwasa, sai aka riƙa zuba shi a fetur. Dalmar takan bar wani siririn shafi a kan mazaunin, ya zama kamar matashi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Saboda haka kamfanoni da yawa ba su damu da ƙarfafa wurin ba, a jikin zubabben ƙarfen kan injin kawai suke yanka mazaunin. Haka aka yi wa Morris Minor da tsohuwar Mini na Ingila.

Amma dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mu a Arewa mun san haka tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake wannan daga haƙar zinare ne. Amurka ta hana fetur mai dalma a motoci a 1996, Ingila a 2000, ƙasar ƙarshe kuwa ita ce Aljeriya a 2021.

Da babu dalma, bawul mai zafi yakan ɗan manne da mazauninsa, in ya tashi sai ya ɓanɓaro ƙwayoyin ƙarfe, su kuma su riƙa cin wurin kamar yashi. A hankali bawul ya nutse, ya daina rufewa sosai, mota ta rasa ƙarfi, ƙarshe bawul ɗin ya ƙone.

Maganin shi ne a dasa zobe na ƙarfe mai tauri. Da farko ana kwance kan injin, a wanke, a duba ko ya tsage. Sai a kai wurin masu injin yankan ƙarfe su fafe tsohon mazaunin. Nan ne darasinmu ya shigo. Da gangan ake yin zoben ya fi ramin faɗi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Yaya zai shiga? Sai a ɗumama kan injin ramin ya buɗe, a sa zoben cikin firiza ya tsuke, sannan a buga shi ciki da sauri. Idan zafinsu ya daidaita, ramin ya damƙe zoben gam, babu walda, babu noti. Wannan ne ya fi burge ni.

Bayan haka a yanka bakin zoben a karkace, yawanci digiri 45, daidai da bakin bawul, a goga su da man niƙa har su haɗu. Kawuna yana gwadawa da kananzir: ya zuba ta hanyar hayaƙi, in ya ga danshi a gefen bawul, aikin bai yi ba.

Akwai haɗari biyu. In aka fafe ramin da zurfi, za a iya huda hanyar ruwan da ke sanyaya inji, kan ya lalace ke nan, kuma samun wani na tsohuwar mota ba sauƙi. In kuwa zoben ya yi sako-sako, wata rana zai faɗo kan fistan ana cikin tafiya.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke buƙatar aikin ba. Masu kan alminiyam, irin su Peugeot 504 da Volkswagen Beetle, da zobensu suka zo daga kamfani, domin alminiyam ya yi laushi da yawa. Ko a masu zubabben ƙarfe ma, na fitar hayaƙi kawai aka fi canjawa, shi ya sa zobe huɗu rak aka dasa wa Land Rover ɗin.