Kamun kifi da ƙugiya mai gashin tsuntsu

A ƙasar Gure, cikin jihar Damagaram, ruwa abu ne mai daraja. Damina tana cika tabkuna da kwaruruka. Waɗansu su ƙafe da rani, waɗansu su riƙe ruwa har wata damina. A kan babbar hanyar Gure zuwa Damagaram akwai tabkin Gidimuni. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya. Kifin irin waɗannan tabkuna abinci ne, kuma kuɗi ne. Amma yana iya ƙarewa in ba a kama shi da hankali ba.

Mai fatsa ya san wahalar rani. Ƙasa ta bushe, tana ta nutse, ba abin da za a sa a bakin ƙugiya. Darasin yau yana koya wata dabara: ɗaura ƙwaron ƙarya da gashin tsuntsu.

Dabarar tsohuwa ce

Wajen shekara ta 200, wani marubuci na Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Makidoniya. Ya ce suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, kifi ya ɗauka ƙwaro ne ya haɗiye. A duwatsun Japan ma, masunta sun daɗe suna yi da sandar gora, da zare, da ƙugiya mai gashi kawai. A Amurka, da haka ake kama ƙananan kifayen tabki masu faɗi kamar karfasa, da wani kifi mai farauta da suke kira bas. Ruwan waɗannan tabkuna yana ɗumi da bazara, kamar na ƙasar Gure.

Me kifi yake ci?

Kifi ba ya cin gashi. Ruɗinsa ake yi. Saboda haka sai mai fatsa ya fara zama a bakin ruwa ya duba.

Karfasa tana cin gansakuka da ganyen ruwa, amma in fara ko shinge ya faɗo, takan taso ta cafke.

Giwan ruwa, wanda ake samu a kogin Kwara da tabkin Cadi, ƙananan kifaye yake farauta. Shi sai a yi masa abu dogo fari mai kama da ɗan kifi.

Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, kuma wari take bi. Ta fi kamuwa da tana ko hanjin kaza. Wannan dabara ba ta fi dacewa da ita ba.

Kayan aiki

Ba a sayen kome sai ƙugiya da zaren fatsa. Sauran duk suna gida:
1. Ƙaramar ƙugiya, don bakin karfasa ƙarami ne.
2. Zaren ɗinki mai ƙarfi.
3. Ulu ko zaren saƙa, ja, ko baƙi, ko ruwan ɗorawa.
4. Gashin wuyan zakara ko gashin zabo.
5. Guntun tsohon takalmin soso.
6. Reza.

Yadda ake ɗaurawa

Na ɗaya: a kafa lanƙwasar ƙugiya a jikin itace, don hannu biyu su sami aiki.

Na biyu: a naɗa zare a jikin ƙugiya, daga ido zuwa inda ta fara lanƙwasa.

Na uku: a ɗaura silin gashi 4 ko 5 a baya. Wannan ita ce wutsiya.

Na huɗu: a naɗa ulu a komo wajen ido. Wannan shi ne jikin ƙwaro. Kada ya yi kauri har ya rufe tsinin ƙugiya. In tsini ya rufu, kifi zai ciza ya tafi.

Na biyar: a ɗaura gashin zakara ɗaya kusa da ido, a kewaya shi sau 3. Silinsa za su miƙe kamar ƙafafun ƙwaro.

Na shida: a ƙulle zare sau 3, a yanke saura da reza. A bar idon ƙugiya a buɗe.

Mai son ƙwaron ya tsaya bisa ruwa kamar fara, sai ya yanki soso kamar ƙwayar wake, ya ɗaura a bayan ƙugiya. Na fari ba ya yin kyau. Na goma zai fi shi. A hankali ake ƙwarewa.

A bakin tabki

A nemi sandar gora mai tsawon mita 3 ko 4. Zare ya yi daidai da tsawon sandar. Ƙwaron gashi ba shi da nauyi, ba ya jefuwa nesa. Mai fatsa ya ba iska baya, ita za ta kai masa shi.

Lokaci mai kyau shi ne sassafe da bayan la'asar. Da rana tsaka ruwan gefe yana zafi, kifi ya koma zurfi ko inuwar kacalla. A ajiye ƙwaron a hankali kusa da kacalla, a ƙirga har 10, sa'an nan a ɗan girgiza sanda. In ruwa ya motsa, ƙwaro ya ɓace, a ɗaga sanda nan da nan. Kifi yana tofar da gashi da ya gane ba abinci ba ne. A yi shiru, kuma kada inuwar mutum ta faɗa bisa ruwa.

Amfani uku

Na fari, ƙwaro ɗaya yana kama kifi da yawa. Ba neman tana kowace safiya.

Na biyu, lafiyar jiki. Ruwan kwance yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta huda fatar mai shiga ruwa. Mai fatsa daga tudu ya rage wa kansa wannan haɗari. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani.

Na uku, tattalin gobe. Gidan sauro da koma mai ƙananan ido suna kwashe uwa da ƴaƴa. Ƙugiya ɗaya-ɗaya take kamawa, kuma yawanci a leɓe. Wanda bai kai tafin hannu ba, a jiƙa hannu, a zare ƙugiya, a maida shi ruwa. Akwai karfasa wadda uwar take riƙe ƙwai da ƴaƴanta cikin baki. Wanda ya saki uwa ɗaya ya ceci ƴaƴa masu yawa.

Doka ta hana kamun kifi da guba. Mai son yin su don sayarwa ya fara ganin ma'aikatan ruwa da daji, ya ji zancen takardar izini. Ya kuma gaida sarkin ruwa, in garin yana da shi.

Tambayoyi don mahawara a ajin yaƙi da jahilci
1. Waɗanne ƙwari ne ke faɗawa tabkin garinku da damina?
2. Don me ba a rufe tsinin ƙugiya da ulu?
3. Ta yaya tsargiya take shiga jikin mutum?
4. Lissafi: mai fatsa ya kama kifi 12, ya maida 5 ruwa. Nawa ya kai gida?

A aji mai zuwa, kowa ya zo da ƙugiya ɗaya da gashin zakara ɗaya.