Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke a da?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ne ya aiko da wannan tambaya. To malam, gaskiya ne. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, faifai-faifai ne manya, suna zamewa sannu a hankali a kan dutse mai zafi da ke ƙarƙashinsu. Shekara kusan miliyan 300 da suka wuce, nahiyoyi duk a manne suke, ƙasa guda da masana ke kira Panjiya.

Bajamushe Alfred Wegener ne ya kawo wannan magana a 1912, aka yi masa dariya. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka gane yana da gaskiya. Ɗauki taswira ka duba gaɓar Barazil, za ka ga ta shige cikin lungun tekun Gini tsaf. Kwarin Binuwai ma, nan Najeriya, tsagewa ce da ta fara lokacin da Afirka da Amurka ta Kudu suka rabu, amma ba ta ƙarasa ta zama teku ba.

Har gobe tekun Atilantika na ƙara faɗi, kimanin santimita 2 zuwa 3 a shekara, kwatankwacin tsirowar farcenka.