Darasin lafiya: ƙarambau yana warkewa, amma ba ya barin jiki

Manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Samari da yawa za su tafi cin rani Yamai. Wasu za su yi dako a kasuwar Katako, su kwana su goma a ɗaki ɗaya. A irin wannan cunkoso ƙarambau yake yaɗuwa, kuma ya fi wahalar da babba bisa yaro. Ba agana ba ne. Ita agana an kau da ita daga duniya tun 1980.

Ƙwayar cutar tana shiga ta numfashi. Sai ta yi wajen sati biyu kafin zazzaɓi da ƙuraje su bayyana.

Fatarmu gini ce ta ƙananan ƙwayoyi, jere kamar tubali. Ƙwayar ƙarambau kuwa tana da ƴan ƙayoyi a bayanta, masana suna ce musu furotin. Da su take kama ƙwayar fata, kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Su ne kuma ke sa ƙwayoyin fata su haɗe da juna, cuta ta ratsa daga wannan zuwa waccan. Wurin sai ya tara ruwa. Shi ne ƙurjin da muke gani.

To, ku lura da nan. Ƙuraje sun bushe, an ce an warke. Ashe ƙwayar ta bi jijiyoyin da muke jin zafi da sanyi da su, ta je gindinsu kusa da ƙashin baya, ta kwanta. A can ba ta kashe jijiya. Ta daina ƙera yawancin furotin ɗinta, don haka jiki ba ya gane tana nan. Tana iya shekara 40 a kwance.

In tsufa ya zo, ko wata cuta kamar sida ta raunana mutum, sai ta farka. Ta biyo jijiya guda ta dawo fata. Ƙuraje su fito gefe ɗaya kamar rabin ɗamara, da raɗaɗi kamar ƙunar wuta. Likitoci suna ce masa zona. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. A tafi gidan likita cikin kwana 3, lokacin ne magani ya fi aiki. In kusa da ido ne, a tafi ran nan.

Yaro mai ƙarambau kada a ba shi asfirin, a ba shi farasitamol. A yanke masa farce. A nisanta shi da mai ciki da jariri har ƙurajen su bushe duka.